Yaro Na Karatu A Gida Amma Sifelin Ya Gagare Shi: Inda Waya Ke Taimakawa Da Inda Take Ɓoye Matsala

A wani gida a Kano akwai yarinya 'yar shekara 9 da ta daina zuwa makaranta tun tana aji 2. Tana da ciwon sikila. Duk zangon karatu sai ta yi makonni a kwance, in ta koma aji kuma an yi mata nisa. Da abin ya yi yawa sai iyayenta suka yanke shawarar a koyar da ita a gida. Mahaifiyarta ce ke ɗaukar ta karatu da safe, malamin lesin yana zuwa sau uku a mako, yayanta da ke jami'a kuma yana duba ta idan ya zo hutu.

Lissafi ba ya ba ta wahala. Baki kuwa sai dai a ce ta yi shiru. Kusan kullum sai ta ari wayar Ummanta ta tura wa yayan saƙo a WhatsApp, da Turanci tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Shi ya sa da ya dawo hutu ya yi mata shifta ta kalma goma a takarda, ya sha mamaki. Uku kacal ta ci. Ta rubuta "sukul" a maimakon school, "fen" a maimakon pen, "sed" a maimakon said.

"Ai ka gani," in ji Umma. "A waya tana iyawa sarai. Da an ba ta biro sai taurin kai ya tashi."

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ni fa harafi biyu nake dannawa, sai wayar ta kawo min sauran."

Wannan amsa tata ita ce ta warware komai. Kusan shekara biyu wayar na rufa mata asiri, manyan gidan kuma suna ɗaukar rubutun wayar a matsayin nata.

Me ya sa abin ya fi ɓuya a karatun gida

Koyar da yaro a gida ya daɗe da zama ruwan dare a Amurka, inda doka ta yarda da shi a duk jihohi 50 tun 1993. A arewacin Najeriya kuwa yawanci larura ce ke kawo shi: rashin lafiya, tsadar kuɗin makaranta, ko rashin tsaro da ya sa aka rufe makarantar unguwa. Gidaje da yawa sun fara ɗanɗana shi ne a Maris na 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu.

A aji mai yara arba'in, malami yana ganin littattafai arba'in, don haka ya san rubutun da ya dace da ɗan shekara 9. A gida babu wanda za a gwada yaro da shi. Ga shi kuma rabin karatun ta waya ake yi. Sai ranar da aka zo jarrabawar takarda da biro, irin ta shiga sakandare, asiri ya tonu, a lokacin kuma an makara. Mafi muni, kafin a kai nan yaron ya sha jin ana ce masa daƙiƙi har ya yarda.

Yadda waya ke gyara rubutu

Madannan waya ba su san abin da mutum ke nufi ba, hasashe suke yi. Suna da jerin kalmomi a cikinsu. Idan aka rubuta abin da babu shi a jerin, sai su nemo kalmar da ta fi kusa. Ɗaya daga tsofaffin hanyoyin auna wannan kusanci ita ce wadda masanin lissafi ɗan Rasha, Vladimir Levenshtein, ya fitar a 1965: a ƙirga sau nawa za a ƙara harafi, a cire, ko a musanya kafin wata kalma ta koma wata. Daga "gril" zuwa grill mataki ɗaya ne. Daga "enuf" zuwa enough mataki uku ne. Madannan zamani irin su Gboard sun ƙara da duba kalmomin da suka gabata, su yi hasashen wadda za ta biyo, shi ya sa harafi biyu ke isar yarinyar.

Ga babba mai sauri wannan alheri ne. Ga mai koyo kuwa illa biyu gare shi. Ta farko, ƙwaƙwalwa ba ta yin aikin tono kalma harafi bayan harafi, alhali wannan tonon shi ne ke sa kalma ta zauna. Ta biyu, idan kuskuren ya haifar da wata kalma ta gaske, sau da yawa wayar ba ta cewa uffan. Form da from duk kalmomi ne. Haka there da their. A Hausa ma kafa da ƙafa, bata da ɓata, baba da babba, kowacce tana cikin jerin.

Matakin farko: a rubuta kuskuren yadda ya zo

Masu haɗa manhaja suna da wata ɗabi'a. Idan manhaja ta lalace ba sa zaginta, rajistar kurakuranta suke buɗewa su ga a wane layi take faɗuwa, kuma sau nawa. Yayan yarinyar nan abin da ya yi ke nan. Ya buɗe Google Keep, duk kalmar da ta kuskure sai ya rubuta ta yadda ta rubuta, kusa da ita ya sa ta daidai. Bai gyara mata komai ba har kwana biyar. Da kalmomin suka kai wajen arba'in, sai ya ga sun rabu gida huɗu. Kusan duk yaro Bahaushe mai wannan matsala, kurakuransa a cikin gidajen nan huɗu suke faɗawa, kuma kowane gida da maganinsa.

Gida na ɗaya: kuskuren kunne

"Fen" a maimakon pen, "pish" a maimakon fish, "bery" a maimakon very, "sukul" a maimakon school. Yaron da ya rubuta haka ya rubuta abin da ya ji ne daidai. Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin sautuka biyu masu sauya ma'ana, ba ta da v, kuma ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere ba tare da wasali ya raba su ba. Shi ya sa bread ya zama burodi a bakinmu. Kunnen yaron a kan Hausa aka saita shi, kuma yana aikinsa yadda ya kamata.

A nan waya ta fi kowa amfani a gidan, domin sau da yawa manyan ma haka suke furtawa. A buɗe Google Translate, a rubuta pan a danna alamar lasifika, sannan a rubuta fan a danna. Haka pull da full, pin da fin, van da ban. Yaro ya juya baya don kada ya ga fuskar wayar, ya saurara, ya nuna katin p ko na f. Daga nan a kunna kyamarar gaba ya kalli bakinsa: wajen p leɓɓa biyu ke haɗuwa su buɗe, wajen f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. A ɗauki muryarsa a kunna masa ya ji kansa. Minti biyar a rana ya isa.

Ga kalmomi irin stop da went, a sa shi ya ƙirga sautuka da yatsu kafin ya ɗauki biro. Stop sauti huɗu ne. Idan ya rubuta "sop", yatsa ɗaya ya rage ba harafi, shi da kansa zai gani.

Gida na biyu: kuskuren Turanci

"Sed" a maimakon said, "nite" a maimakon night, "nife" a maimakon knife. Wannan yaron kunnensa lafiya lau. Turanci ne ke da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, kuma sauti ɗaya yana iya zuwa da rubutu kala-kala. Yaron da ya fara da Hausa, inda kusan yadda aka faɗa haka ake rubutawa, dole ya ji an yaudare shi. Yana da kyau a gaya masa hakan ƙarara, ya san laifin ba nasa ba ne.

Maganin wannan gida shi ne koyar da kalmomi dangi-dangi. Jerin kalma ashirin da ba abin da ya haɗa su wahala ce kawai. A ɗauki night, light, right, fight, sight a mako guda. Mako na gaba a ɗauki rain, train, pain, chain. A koyar da ƙa'ida ɗaya a lokaci guda, misali yadda e ta ƙarshe ke sauya hop ta koma hope, tap ta koma tape. Wannan shi ne tsarin da ake kira fonis, kuma Jolly Phonics da makarantu da yawa a Najeriya ke amfani da shi a kan sautuka 42 aka gina shi, an raba su rukuni bakwai. Waƙoƙinsa suna nan a YouTube, ana iya sauke su lokacin da data ke da arha.

Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin said, one da people, sai a bi da su ta tsohuwar hanya mai mataki biyar: ya kalla, ya faɗa, ya rufe, ya rubuta, ya buɗe ya duba. Shi zai duba da kansa. Babba ya riƙe jan biro a aljihu.

Gida na uku: haruffa na juyawa

B ta koma d, was ta koma saw, girl ta koma "gril". Yara da yawa suna yin haka har wajen shekara 7, sannan ya wuce. Idan yaro ya haura haka yana yi, kuma karatu ma yana masa nauyi duk da ana koya masa kullum, sai a kawo zancen disleksiya.

Ba sabon abu ba ne. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin lissafi, amma sunansa Percy sai ya rubuta shi "Precy". Matsala ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa sauti da harafi. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma tana bin dangi. Manhaja ba ta isa ta tabbatar da ita ba, duk abin da tallarta ta ce. Abin da ya dace shi ne a fara kai yaro a gwada idonsa da kunnensa a asibiti, domin yaron da ba ya ji sosai ko ba ya gani sosai kurakuransa kan yi kama da waɗannan. Idan duka lafiya, sai a nemi ƙwararre a fannin ilimi na musamman.

Hanyar da ta fi shahara wajen koyar da irin waɗannan yara ita ce ta Samuel Orton da Anna Gillingham, wadda ta fito a Amurka a shekarun 1930. Ginshiƙinta shi ne ido, kunne, baki da hannu su yi aiki tare: yaro ya ga harafi, ya faɗi sautinsa, yana zana shi da yatsa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Ana rubutawa, ana bi da yatsa, ana faɗa da ƙarfi, a wanke a sake, kuma sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru. A gida faranti da yashi ko garin tuwo ya wadatar.

Gida na huɗu: Hausar kanta

Iyaye da yawa Turanci kawai suke dubawa, alhali yaron da ya ƙware a rubutun harshensa ya riga ya gane cewa harafi wakilin sauti ne, kuma da wannan fahimtar zai shiga Turanci. Kurakuran Hausa uku ne suka fi yawa. Akwai barin ƙugiya, inda ɗaki ke zama daki. Akwai barin baƙi mai nanatawa, inda babba ke zama baba. Akwai kuma raba kalma da haɗa ta: shi ne kalma biyu ce, yana kuma kalma ɗaya.

Haruffa masu ƙugiya sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, amma yaron yau a WhatsApp da TikTok yake ganin Hausa, inda kusan kowa ya watsar da su. Gyaran minti biyu ne. A shiga saitin Gboard, a je wurin harsuna, a ƙara Hausa. Daga nan ƙ, ɗ da ɓ za su samu, ko dai a fili a kan madannan ko idan aka danne k, d ko b na ɗan lokaci. Mutanen Nijar suna rubuta ƴ inda 'yan Najeriya ke rubuta 'y, kowa ya riƙe na ƙasarsa. Idan manyan gidan suka fara sa ƙugiya a saƙonninsu, yaron zai ɗauka ba tare da an zaunar da shi ba. Don abin karantawa, African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labaran yara da Hausa kyauta, ana iya sauke su.

Kalma ta zauna: gwangwani uku

Ƙorafin da aka fi ji shi ne, "Jiya ta iya, yau ta manta." Haka ƙwaƙwalwar kowa take. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan koyo, kuma maimaici da aka ba shi tazara yana rage ta. A 1972 wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan tsarin kwalaye.

A gida a samo gwangwanin madara uku, a yanka kwali ƙanana, kowace kalma da katinta. Gwangwani na ɗaya kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Kalmar da yaro ya rubuta daidai ta matsa gaba, wadda ya kuskure ta dawo na ɗaya. Kada sababbin kalmomi su wuce biyar zuwa takwas a mako.

Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, wannan aikin take yi da kanta, kuma AnkiDroid kyauta ce a Android, ba ta buƙatar data bayan an sauke. Dabarar ita ce a gaban kati a sa murya kawai, babba ya faɗi kalmar ya sa ta a jimla. A bayan kati a sa rubutun. Yaro ya saurara, ya rubuta a takarda, sannan ya danna ya duba. Yayan da ke makaranta ma yana iya yin shifta daga nesa: ya turo saƙon murya na kalma shida, a ɗauki hoton takardar a tura masa.

Takarda dai dole ce. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiana da abokiyar aikinta sun gwada yara 'yan shekara 5 da ba su fara karatu ba. Sun gano cewa sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da karatu sun fi motsawa idan yaro ya ga harafin da ya rubuta da hannunsa, fiye da wanda ya danna a madannai.

Abin da za a kashe, abin da za a kunna

Lokacin darasi, a shiga saitin Gboard, sashen gyaran rubutu, a kashe Auto-correction da layin da ke kawo shawarar kalmomi. In an gama a mayar, don kada Umma ta yi faɗa. A sa wayar a yanayin jirgi idan manhajar ba ta buƙatar intanet, domin sanarwa ɗaya ta isa ta ɗauke hankalin yaro. A saita agogo minti 15, yana bugawa a tashi ko ba a gama ba. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Read Along ta Google tana sauraron yaro yana karanta labari da Turanci, tana taimaka masa inda ya cije, kuma tana aiki ba data bayan an sauke labaran. Khan Academy Kids kyauta ce, babu talla, an yi ta don 'yan shekara 2 zuwa 8. Duk biyun karatu suka fi ƙarfafawa, shi kuma karatu mai yawa yana sa ido ya saba da siffar kalma. Manhajar da ke ba yaro kalmomi huɗu ya zaɓi ta daidai kuwa, gane kalma take koyarwa. Ranar jarrabawa babu mai ba shi zaɓi.

Akwai lokacin da ya dace a bar waya ta yi aikinta gaba ɗaya. Yaron da sifelin ya gagara yakan daina rubuta abin da ke ransa, ya koma zaɓen kalmomin da ya tabbatar da su kawai. Sau ɗaya a mako a danna alamar makirufo a Gboard, ya ba da labarinsa da baki, wayar ta rubuta. Ranar ba a maganar kuskure. Daga labarin sai a tsinci kalma uku da yake so, su shiga gwangwani na ɗaya.

Bayan mako shida

A gidan nan na Kano, yayan ya koma makaranta, amma saƙon murya yana zuwa duk bayan la'asar. Gwangwani na uku ya kusa cika. A shiftar ƙarshe ta ci bakwai cikin goma. P da f har yanzu suna rikita ta, kuma akwai makon da ciwo ya tashi aka dakata gaba ɗaya, da aka dawo rabin katunan suka koma gwangwani na ɗaya. An kai ta gwajin ido, an ce lafiya. Gwajin kunne ya rage.

Babban sauyin a bakin Umma yake. Ta daina cewa taurin kai. Yanzu idan yarinyar ta kuskure sai ta tambaye ta, "Wannan na kunne ne ko na Turanci?" Ita kuma ta duba takardarta ta ba da amsa. Tun makon jiya ita ke rubuta jerin cefane da safe, da biro, a bayan tsohon kalanda. Ƙwai da daddawa sun fito daidai, ƙugiya da nanatawa duka. Attarugu ne ya rasa t ɗaya, an yanka masa kati.